Gidan Gonar Basha da Bikin Kabiru

Tun da na dawo daga Masar ban huta ba. Mace ta shigo shago sayen atamfa, sai ta ja kujera ta zauna wai in ba ta labarin bikin Kabiru, kuma wadda ba ta sayi komai ba ita ta fi kowa tambaya. To, ga shi na rubuta. Kowa ta karanta da kanta, ni ma in samu in yi ciniki.

Kabiru ƙanena ne, autanmu. An tura shi Alƙahira ya karanto fiƙihu, ya kuwa karanto har da ƙari, don wata rana a shekarar 2013 ya bugo waya ya ce ya samu mata. Sunanta Nusaiba, Bahaushiyar Sudan, jikar mutanen nan da suka tafi aikin Hajji a ƙasa suka yada zango a hanya. Innarmu ciwon gwiwa ya hana ta leƙa maƙwabta, balle hawa jirgi. Baffa ya wakilta wani malamin Kabiru ya karɓi auren. Da aka zo kan harkar mata sai aka ce Rabi ta je, ai ba a yin biki a unguwar nan ba da ita ba. Ina cikin jin daɗin yabon Kabiru ya sake bugowa, ya ce babban aikin da ke jirana shi ne zaɓen wurin biki, domin amarya ta kafe sai a izba.

Na ce, "Mece ce kuma izba?"

"Gidan gona ne, Yaya. Na manyan mutanen da, irin su basha. Tsohon gida ne a ƙauye."

"Kabiru, kuna zaune a birni, za ku kwashi jama'a ku kai su ƙauye, tsohon gida? Mu nan tsohon gida rushe shi ake yi, in an rasa kuɗin rusawa a ce akwai aljanu."

"Yaya, ki dai zo."

Na zo. Jirgi ya tashi daga Kano lafiya, ya sauka lafiya, duk da cewa matar da ke kusa da ni ta riƙe hannuna tun daga tashi har sauka tana salati, ba ta ko tambayi sunana ba. A filin jirgin Alƙahira ne na fara shan kunya. Ma'aikacin kwastan ya buɗe jakata, ya wuce kilishi, ya wuce kuka, ya ɗago ƙullin daddawa. Ya shinshina, ya ja da baya, ya kira abokinsa. Shi ma ya shinshina, suka dubi juna kamar sun kama babban mai laifi. Ni kuwa da Larabcina na Islamiyya, na gyara murya na ce, "Haza ɗa'amun ɗayyibun," wato wannan abinci ne mai kyau. Mutumin ya dube ni, ya haɗa hannuwa a ƙirji ya ce, "Sadaƙallahul azim." Duk layin aka fashe da dariya. Daga baya Kabiru ya bayyana mini cewa Larabcin da na yi sai a kan mumbari ake jin irinsa a ƙasar. An dai mayar mini da daddawata, da ɗan yatsa biyu.

A lokacin garin ba ya cikin natsuwa. Sojoji da motocin yaƙi a manyan mahaɗai, ga dokar hana fita da zarar dare ya yi. Amma direbobin Alƙahira ba su ji labarin wata doka ba. Ni da nake taƙamar na saba da 'yan acaɓar Kano, sai da na runtse ido. Can mutum ba ya tsallaka titi, shiga yake yi ya miƙa lamarinsa ga Allah.

An sauke ni a Hayyin Ashir, gidan mahaifiyar amarya, Hajja Zainaba. Unguwa ce da in kika tsaya a bakin shago za ki ji Larabci, ki ji Hausa, ki ji yarukan da ba ki taɓa ji ba. Gidan a can saman bene yake, babu na'urar hawa, sai ƙafa. Kafin in kai ƙofa na gama tuba daga duk zunubaina. Hajja Zainaba ta tare ni da Hausarta irin ta tsofaffi, mai daɗi, tana cewa, "Maraba da baƙuwa, kin sha hanya, 'yar'uwa." Siririya ce, ba ta da yawan magana. Ta zo Masar ne da mijinta neman magani, Allah ya karɓi abinsa, ta zauna tana aiki a gidan wasu masu hali a unguwar Muhandisin tun Nusaiba tana goye. Ana idar da sallar asuba take fita, sai magariba.

Nusaiba kuwa ita ta kwashe maganar da uwar ta bari. Doguwa, mai dariya, tana aiki a wani kantin magani, kuma in ta ce "khalas" to an gama. Na dubi Kabiru, na ga duk fiƙihun nan ba zai cece shi ba.

Abinci kuma sai haƙuri. Da safe wake, wanda suke ce wa ful. Da rana wake soyayye, kamar ƙosai amma kore. Da yamma, in an yi sa'a, waken safe ne ya dawo da man zaitun. Akwai wani wai shi koshari: shinkafa, taliya, makaroni da ƙananan wake duk a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta rasa shawara ta juye abin da ke kicin gaba ɗaya. Abin haushin, yana da daɗi. Miyarsu mai yauƙi kuwa, mulukhiya, lalo ne zalla, sai dai sun ba shi suna mai nauyi suna ci da zomo.

Tun ranar farko na faɗa wa Nusaiba ra'ayina. Na ce ga ɗakin taro nan a unguwa, ga abokan Kabiru ustazai suna cewa a yi walima a harabar masallaci, a ci shinkafa a yi addu'a a watse. Me za a je nema a gidan mataccen basha?

Ta ce, "Yaya Rabi, ki fara gani tukuna."

Kabiru ya ɗauko mana wani direba, Amm Rajab, dattijo mai tsohuwar mota da ƙofarta ɗaya ce kawai ke buɗuwa ba sai an yi kokawa ba. Duk inda aka tambaye shi saura nawa mu isa, amsarsa ɗaya ce, yanzun nan. Izbar farko da muka gani ni ce na matsa a je, saboda wani ɗan Nijar mai sayar da turare ya yaba mini ita. Wallahi ta yi kyau. Ga sanyin na'ura, ga banɗaki tsaf, ga ciyawa kamar darduma. Yaron wurin ya ce gidan tarihi ne tun zamanin sarakuna. Na jingina da bango ina sauraron tarihi, na tashi da fenti a mayafina. Duk da haka na ce mu kama, tarihi mai banɗaki ya fi mini. Nusaiba ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Ba wannan ba ce. Akwai wadda nake so, ranar Juma'a za mu je da Yumma." Haka take kiran uwarta.

Ranar Juma'a, wadda ita ce hutun Hajja Zainaba, muka cika motar Amm Rajab muka yi arewa. A wani shinge soja ya karɓi fasfona, ya juya shi sama da ƙasa, ya ga Najeriya, sai ya fara jero mini sunayen 'yan ƙwallo yana jiran in yi murna. Na yi ta gyaɗa kai kamar duk 'ya'yan Baffa ne. Da muka bar kwalta muka bi gefen wata magudanar ruwa, motar ta fara hayaƙi. Amm Rajab ya ce ma'alish, wato ba komai, ya fita da galan ya ɗebo ruwan da wasu baƙaƙen shanu ke wanka a ciki ya ɗura mata. Kafin ta huce, wata manomiya ta fito daga gidanta ta ga baƙi a rana, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo wata gurasa mai maiƙo da zumar rake. Wannan kam na yaba. Sai ta ƙara da wani tsohon cuku daga cikin tulu, wai shi ne na manyan baƙi. Da na ji warinsa na ce mutanen da ke cin wannan su ne suka kama daddawata da ɗan yatsa biyu? Na ci don kunya, na yi mata godiya da hawaye a idona, ita kuma ta zaci daɗi ne ta ƙaro.

Bayan azahar muka shiga wata doguwar hanya mai itatuwan dabino hagu da dama. A nan Hajja Zainaba, wadda tun safe take jan carbi, ta tsaya cak. Ta leƙa taga, ta juyo.

"Nusaiba, nan ne?"

"Nan ne, Yumma."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Da na faɗa ba za ki zo ba."

Ban gane komai ba, hankalina yana kan gidan. Ƙato ne, ba ƙarya, mai ruwan ɗorawa, sai dai fentin yana ɓarewa kamar bayan kifi. Ga matattakalar farin dutse mai faɗi har zuwa babbar ƙofa, da gumakan zakuna biyu a gefe, ɗaya ba hanci. Wani ɗawisu da ya rasa rabin jelarsa yana yawo yana mana kallon raini. Na ce a raina, to, wannan ita ce aljannar da aka hana mu banɗaki saboda ita.

Muka fito. Ni da Kabiru muka nufi matattakala. Hajja Zainaba kuwa, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta yi hagu, ta bi wata siririyar hanya ta gefen gini zuwa wata 'yar ƙofa. Tafiya take yi irin ta wanda ƙafarsa ta san wuri. Nusaiba ta bi ta da gudu ta riƙo hannunta.

"Yumma, ba ta nan ba."

Kafin ta amsa, 'yar ƙofar ta buɗe, wata ƙatuwar mata da ludayi a hannu ta fito tana ihu, "Zainab! Zainab!" Ta rungume ta har tana ɗaga ta daga ƙasa. Sunanta Umm Sayyid, ita ce mai girkin gidan. Ta yi ta zuba Larabci, Kabiru yana fassara mini a hankali: tana tambaya ina madam, uwar ɗakin Hajja Zainaba, take, wane ne kuma za a aurar a gidan madam wannan karon.

Nusaiba ta ce mata, "Ba na gidan madam ba ne. Bikina ne. Ga uwar amarya nan."

Umm Sayyid ta saki baki, sannan ta saki guɗa. Ni kuma Nusaiba ta ja ni gefe ta faɗa mini da Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa. A gidan nan dangin matar da uwarta ke yi wa aiki suke yin duk bukukuwansu, kuma duk bikin da za a yi sai an taho da Hajja Zainaba ta taya wanke-wanke. Ita Nusaiba tun tana ƙarama ake zuwa da ita, a kwantar da ita a kan buhunan fulawa. Ta ce, "Ta tagar kicin nake ganin fitilu. Yumma ta zo gidan nan ya fi a ƙirga, Yaya Rabi, amma ba ta taɓa taka matattakalar can ba. Ko zauren ba ta taɓa gani da mutane a ciki ba, sai an watse ta shiga kwashe kwanuka."



Ashe manajan wurin, Ustaz Fu'ad, yana tsaye a saman matattakala yana kallon komai. Mutum ne mai kwat da gashin baki rinanne, da turaren da ke riga shi isowa. Da farko ya fito ne da hannuwa a buɗe, ya ji an ce baƙi daga Najeriya. Da ya ga rungumar da aka yi a ƙofar kicin sai hannuwan suka koma aljihu. Ya dai zagaya da mu, don mun riga mun zo. Ya nuna mana hoton basha, wani mai jar dara da tumbi, yana harararmu daga bango. Ya ce a kan kujerar can wani sarki ya taɓa shan gahawa, a ɗakin can wata gimbiya ta kwana. Na ce wa Kabiru da alama tun tafiyar gimbiyar ba a sake share ɗakin ba. Zauren dai, gaskiya, ko ni sai da na ɗaga kai: rufin sama da zane-zanen furanni, da wata fitilar gilashi da ta kai girman rumbu. Hajja Zainaba ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi shigowa.

Da aka zo maganar rana sai Ustaz Fu'ad ya yi fuskar jimami. Ya ce kash, zauren a kame yake har ƙarshen shekara, manyan iyalai sun riga mu. Amma akwai wani fili a baya, kusa da bargar dawaki, wanda a ganinsa zai fi dacewa da mu, za mu fi sakewa.

Kabiru ya fassara mini yana kallon ƙasa. Na ga Nusaiba ta cije leɓe. Na dubi zauren da manyan iyalai suka kame. Kujeru a jibge a lungu, ƙura ta rufe su, tattabaru sun yi musu ado. Tun da aka fara rigingimu ba mai zuwa ƙauye biki, ko makaho ya shiga zai gane. A can ƙurya kuma ga kujerar amarya da ango mai ruwan zinari, wata kaza ta kwanta a kai tana kwanci.

Na gyara mayafina, na tako tsakiyar zauren. Na ce, "Kabiru, tambaye shi, kazar can ita ce manyan iyalan?"

"Yaya, don Allah."

"Tambaye shi. Kuma ka faɗa masa a garinmu gida irin wannan tumaki muke zubawa."

"Yaya, wannan ƙarya ce, ba zan faɗa ba."

"Ina ƙaryar? Tsohon gidan Baffa na Ɗambatta bai fi wannan tsufa ba? Mene ne a ciki?"

Ya auna maganar a ma'aunin fiƙihu, ya ce, "Tumaki."

"To fassara."

Ban san abin da ya faɗa ba, na dai ji ya yi tsawo kuma akwai "in sha Allahu" a ciki, wanda ni ban ce ba. Nusaiba ta karɓe fassarar, ta kuma ƙara gishiri. Na ce a gaya masa ni ce babbar yayar ango, daga Kano na taso takanas saboda zauren nan, ba don in gaisa da dawakinsa ba. Uwar amarya ta babbar ƙofa za ta shiga, ko kuma mu koma izbar da muka gani mai sanyi da banɗaki. Na yi murmushi yadda haƙorin Makkana zai fito sosai. Sannan na yi abin da kowace mai zuwa kasuwar Kwari ta iya, na juya na kama hanyar mota ban waiwaya ba.

Matattakalar tana da tsawo, na kuma sauka a hankali saboda in ba shi lokaci. Na san in bai biyo ni ba na kashe wa yarinyar nan burinta da bakina. Na kai mota. Na ja ƙofa, ta ƙi buɗuwa kamar yadda ta saba. Ina cikin kokawa da ita sai na ji turare ya iso, mai shi yana biye.

"Ya hagga! Ya hagga!"

Haka suke cewa hajiya. Wai ya tuna, ashe wani babban iyali ya ɗaga bikinsa. Ikon Allah, daidai ranar da muke so. Sai dai saboda dokar hana fita dole a yi da rana, abin da ya faɗa kamar mai isar da saƙon mutuwa, domin su can biki sai dare. Na ce mu da rana muka saba, mu ga fuskar wanda ya ci abincinmu.

A hanyar dawowa Nusaiba sai dariya take tana kwaikwayon tafiyata. Hajja Zainaba kuwa ta koma jan carbinta har muka hau kwalta. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Yanzu Umm Sayyid ce za ta wanke kwanon da na ci?"

An yi bikin kafin bizata ta ƙare. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Wuta ta ɗauke ana fara taro, fitilar nan mai girman rumbu ba ta haska kowa ba. Ustazai suka haɗa kujerunsu a nesa da ganga suna kallon rufi, sai dai na ga ƙafar wani tana motsi a ƙarƙashin jallabiya. Matan Sudan sun cika zauren da guɗa da turare, 'yan kasuwar Nijar sun zo da manyan riguna, ni kuma na sa an kaɗa miyar kuka a kicin ɗin basha, hotonsa yana kallo. An ɗauke kazar, amma Kabiru ya ce har aka tashi yana jin kujerar da ɗumi.

Hajja Zainaba ta sha sabon tob, lulluɓin nan na matan Sudan, ruwan goro mai zare-zaren zinari. Nusaiba ce ta riƙe hannunta, amarya guda ta bar angonta a ƙasa, suka hau matattakalar tare. A tsakiya dattijuwar ta tsaya, na zaci za ta juya. Ta numfasa, ta ɗaga kai, ta ƙarasa.

Aka zaunar da ita a babban tebur, ni a gefenta. Sai wata sabuwar matsala ta taso. Duk wanda ya ajiye cokali a zauren nan, sai in ga ta yunƙura. Wani yaro ya zubar da lemo, kafin in ankara ta miƙe tana neman tsumma, na jawo ta. Aka fara kwashe kwanukan farko, ta fara tattara na gabanta tana ɗora wani kan wani. Na ga magana ba za ta yi ba. Na ɗan ɗaga, na jawo gefen tob ɗinta na shimfiɗa a kujerata, na zauna a kai da dukkan nauyin da Allah ya ba ni, kuma kun san bai yi mini rowa ba.

Ta yunƙura, ta dawo. Ta sake yunƙurawa, ta dawo.

"Hajiya Rabi, kin danne mini tufa."

"Na sani, Hajja."

"Sabo ne fa."

"Ni mai sayar da tufafi ce. Ba abin da zai yi."

Can sai ga Umm Sayyid ta fito daga kicin da kanta, ta canza riga, ɗauke da faranti da shayi a wani kofi mai bakin zinari da na tabbata ba ta nemi izinin Ustaz Fu'ad ba kafin ta ɗauko. Ta ajiye a gaban Hajja Zainaba, ta rusuna har ƙasa kamar yadda ake yi wa matan manya, ta ce, "Bismillah, ya hanim," wato uwargida. Suka dubi juna. Suka fashe da dariya su biyu, har Hajja Zainaba ta rufe fuska da gefen tob ɗin da ban danne ba, kafaɗunta suna rawa, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ta shanye shayin, ta ajiye kofin, ta bar shi a inda yake. Ƙafata ta dama ta mutu tun kafin la'asar, ga marata ta cika da lemo, amma ban ɗaga ba sai da aka fita da kwano na ƙarshe.